Giga Takwas da Mudun da Aka Karɓe wa Babanku

Ranar sunan ɗiyar Nura, a tsakar babban gidanku na unguwar Barkin Sale, aka zuba wa Usman zoɓo bai kai rabin kofi ba. Nura ya leƙa kofin ya ce wannan ai awon Baba Ɗanlami ne, aka kwashe da dariya. Na bi fuskokinku da kallo, ku ukun, kowa haƙoransa a waje, har da Hauwa da ta isa ta tuna. Ban tanka ba, don ba na son a ce tsohuwar Banufiyar nan ta zo ta watsa wa mutane taro. Amma a cikin keke har muka iso gida Shango ban yi wa ɗayanku magana ba, kuka ɗauka gajiya ce. Ba gajiya ba ce, takaici ne. Nura ɗan baffanku Alhaji Mamman ne, na kuma tabbata shi kansa bai san tushen maganar ba, ya tashi ne ya ji ana faɗa duk lokacin da aka ba mutum abu a rage. Ɗanlamin da ake kira kuwa ubanku ne, yana kwance a kabarinsa 'ya'yansa na taya mutane yi masa dariya. Shi ya sa na ajiye sauran labarin rayuwata na ɗauko wannan shekarar ita kaɗai.

Gidan Barkin Sale gidan 'yan hatsi ne. Kakan babanku Bakatsine ne da ya biyo layin dogo ya sauka Minna, ya kafa rumfar gero da dawa kusa da tasha, kuma tun daga kansa zuriyar ba ta san wata sana'a ba sai awo. Ranar kasuwar Kuta maza su fita da sassafe, su dawo da yamma zaune a kan buhuna, girarsu fari fat da ƙaiƙayi. A gidan nan kana iya zagin mutum ta uwa ta uba a sasanta ku kafin la'asar, amma ka ce ya tauye mudu, to kun raba gari. Da wannan suke taƙama, ni kuma ba zan hana su ba, awonsu cikakke ne. Na shigo cikinsu ina 'yar mutanen Bida haifaffiyar Minna, kuma da yake Katsinawa abokan wasanmu ne, kullum gidan cikin tsokana yake. Alhaji ya shigo ya ce ina baiwar tasa, in ce ga uwar ɗakinsa nan tana jiran ya kawo gaisuwa. Mun yi shekaru a haka lafiya lau, kada wani ya ce muku da gaba muka fara.

Akwai wani ƙaramin mudun tagulla na kakan nasu wanda ba a kai shi kasuwa. Yana cikin adakar kakarku Hajiya, naɗe a ƙyalle, ba ya fitowa sai ranar jajibirin ƙaramar Sallah, a auna zakkar fidda kai ta gidan baki ɗaya. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kwance bakin buhu, mai awo ya durƙusa ya kira sunan mutum ya auna masa nasa, tun daga Hajiya har jaririn da ba a yi wa aski ba. Ba babba ake ba mudun ba. Wanda Hajiya ta fi yarda da hannunsa take miƙa wa, kuma tun da kakanku ya rasu babanku take ba, alhali shi kaɗai ne a gidan ya bar hatsi ya kama gyaran rediyo, daga baya ya koma kwamfuta. Yadda yake awon ma abin kallo ne. Sai ya cika mudun ya yi tozo, hatsi na zubowa ta gefe, sannan ya ƙara da tafin hannu. Alhaji bai taɓa cewa uffan a kan wannan zaɓin ba, amma ni ina da ido, ina ganin inda yake kallo idan ana miƙa mudun.

A shekarar da nake ba ku labari aka sa ranar auren Rakiya, babbar 'yar Alhaji. Yarinya mai hankali, ta koyi buga takardu da katin biki, kuma ita ta roƙa a sa mata kwamfuta cikin kayan ɗaki don ta riƙa aiki daga gidanta. Alhaji ya riga ya samo mata wata ƙatuwar firinta ta hannu, tsohuwa amma mai ƙarfi, sai ya zo shagon babanku a haɗa kwamfutar. Ina wurin, don a lokacin ni ke zama gaban shago ina sayar da katin waya. Wani abokinsa ya gaya masa cewa ƙarfin kwamfuta a ƙwaƙwalwarta yake, abin da masu gyara ke kira ram, ana auna shi da giga, kuma wai takwas ne na manya. Da wannan takwas ɗin ya shigo bakinsa.

"Ɗanlami, takwas nake so. A cika ta."

"Yaya, takwas ba za ta amfane ta ba yanzu. Firintar da ka saya ba ta aiki sai da tsohuwar manhaja, ita kuwa tsohuwar ba ta iya ganin abin da ya wuce huɗu. Cikin huɗun ma uku da 'yan kai za ta nuna. A sa huɗu ya isa."

"Kai dai ba ka son abin arziki. 'Yata ta fari ce. Na ce a cika."

"Zan cika, Yaya. Amma ka sani ba za ta nuna ba, sai ranar da aka sauya firinta aka sa sabuwar manhaja."

"To, to, to. Yi dai."

Yana faɗin to ɗin nan yana duba wayarsa, ƙafarsa ɗaya a waje, don motar Kuta na jiransa. Har yau ban san ko ya manta ba ne ko ya ga mantawar ta fi masa sauƙi. Abin da na sani shi ne an gaya masa, da rana tsaka, da Hausar da ya iya, kuma kunnuwana biyu sun ji.

Bari in bayyana muku abin yadda babanku ya bayyana mini, don kada gobe wani ya rikita ku. Manhajar da ke tafiyar da kwamfuta iri biyu ce a lokacin. Tsohuwar suna ce mata mai talatin da biyu, sabuwar mai sittin da huɗu. Tsohuwar iyakar lissafinta giga huɗu ne, ko ka zuba mata nawa, ba ta san da sauran ba. Cikin huɗun ma akwai wurin da ake ware wa allo da sauran kayan cikin akwatin, shi ya sa take nuna uku da wani abu. Ba lalacewa ba ce, ba kuma sata ba, haka aka ƙera ta. Yau kowane mai gyara a bakin titi zai faɗa muku wannan yana cin gyaɗa. A lokacin ma ba sirri ba ne, tambaya kawai ake buƙata.

Ana saura 'yan kwanaki biki aka baje kayan Rakiya a tsakar gida don dangin ango su gani kafin a kai jere. Gado, kujeru, kwanuka, sai kwamfutar a kan teburinta an lulluɓe ta da leshi kamar ita ce amaryar. Alhaji ya tsaya a kanta yana ta cika baki, takwas ce cif, duk unguwar babu irinta. Cikin baƙin akwai wan ango, wani Malam Isah, mutumin kirki, yana aiki a wani shagon buga takardu. Ya nemi izini ya kunna, ya danna nan ya danna can, ya sunkuya ya karanta. Ba da mugunta ya yi ba, da irin Hausarsa ta wanda ya koya a kasuwa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

"Alhaji, wannan kwamfuta ba takwas ba ne fa. Uku ne yana nuna, da ƙarami a kai."

Matan dangin ango suka shiga kallon juna, ɗaya ta gyara mayafi ta ce ai uku ma Allah ya amfana. Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce yaran zamani da na'urorinsu, ya ja baƙi zuwa wajen kujeru. Babanku ba ya nan, yana shago. Da yana nan da ya yi wa Malam Isah bayani a tsaye, shi kuma da ya gane, don a bakin aikinsa ne. Na buɗe baki zan yi magana, matar Alhaji ta taka mini ƙafa, wai ba a jayayya gaban surukai. Baƙi suka tafi da abin da suka ji.

Bayan la'asar aka tara mu a ɗakin Hajiya. Ita tana kan gado da carbi, Alhaji a kujera, ƙanensu Garba a bakin ƙofa, babanku a ƙasa kan tabarma, kwamfutar a tsakiya kamar gawar da ake jiran a yi wa wanka. Ni ba a kira ni ba, na shiga da kaina.

"Takwas na ce ka zuba," in ji Alhaji. "Uku aka gani. Ina biyar?"

"Suna ciki, Yaya. Na gaya maka tun a shago ba za ta nuna ba."

"Ni ba ka gaya mini komai ba."

"A gabana ya gaya maka, Yaya," na ce. "Kana duba waya, ka ce to."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce wa bango, "Da wa za ta goya wa baya in ba mijinta ba?"

Babanku ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi. Ya juya wajen mahaifiyarsa ya sassauta murya.

"Hajiya, kamar sito ne mai ɗaki takwas, amma mai gadin makulli huɗu aka ba shi, ɗaya ma a ciki yake kwana. In kin tambaye shi zai ce ɗaki uku yake da su. Sauran suna nan a rufe, ba wanda ya ɗauke su."

"Sito za ka koya mini?" in ji Alhaji. "Mai gadin da ya ce babu makulli, aljihunsa ake fara lalubawa."

Babanku ya ɗauko sukuddireba ya kwance akwatin a gabansu, ya zaro 'yan faifan ƙwaƙwalwar, sirara kamar matajin kai, ya nuna rubutun da ke jikin kowanne, ya haɗa musu lissafi ya kai takwas. Alhaji ya karɓi ɗaya ya juya shi ya mayar.

"Rubutu? Buhu nawa na gani an rubuta shinkafar waje, ka buɗe ka tarar ta Bida ce?"

A nan ne ya kalle ni. Shekara da shekaru muna wannan wasan da shi, amma ranar na san ba wasa ba ne, kuma daga ranar ban sake kiransa bawana ba. Babanku ya ce a ba shi izini ya ɗauko wani faifan ajiya daga shago mai sabuwar manhaja, ya jona na ɗan lokaci, su ga takwas da idonsu. Alhaji ya ce a'a, wato ya je ya ɗauko abin da ya cire ya mayar, sannan a ce an yi masa ƙazafi. Kun ga tarkon? Duk hujjar da ta bi ta hannun babanku ta zama ba hujja ba. Sai na ce to a cire hannunsa, a ɗauki akwatin yadda yake, a sa a keke, a kai wa duk mai gyaran da Alhaji ya zaɓa a faɗin Minna, ko a kira Malam Isah ya dawo a yi masa tambaya ɗaya. Aikin da ba zai kai magariba ba.

"Mu kai ɗan gidanmu kasuwa?" in ji Alhaji. "Ko mu kira suruki ya zo ya tabbatar mana akwai ɓarawo a gidan da za su ɗauki mata?"

Sai Hajiya ta ajiye carbi. Duk ɗakin ita ake jira, ni ma ita nake jira, don na san tana son babanku fiye da yadda take nunawa.

"Ya isa," ta ce. "Ba mai fitar da maganar nan. Mamman, ka yi haƙuri, ƙanenka ne. Ɗanlami, kowa yana kuskure. A rufa asiri, magana ta mutu a ɗakin nan."

Wannan rufin asirin shi ya kashe mu. Ku lura da kyau, domin a nan ne duk abin yake. Da sun tsane shi, da sun kai shi gaban mutane, gaskiya ta fito a yini ɗaya. Sai suka so shi, suka rufa masa asirin satar da bai yi ba, suka ɗaure bakin buhun da ƙarya a ciki suka ajiye. Aka mayar da murfin akwatin, Garba ya ɗaure sukurorin, aka kai wa Rakiya gidanta tare da gargaɗin kada ta bar baffanta ya taɓa. Kowa ya fita daga ɗakin yana jin ya yi zumunci. Ni na fita na je bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo ni gidan.

Na matsa wa babanku ya je wajen Malam Isah da kansa, ko ya samo wani mai gyara ya kawo shi gida ya yi bayani. Ya ce Hajiya ta ce magana ta mutu, shi ba zai tona abin da uwarsa ta binne ba, kuma ba zai jefa Rakiya cikin surutun dangin miji tana amarya ba. Na ce sunanka fa? Ya ce Hajiya ta san shi, ɓacin rai ne kawai, zai wuce. Haka ya yi ta faɗa har azumi ya kama.

Ranar jajibiri aka shimfiɗa tabarma kamar kullum, aka jawo buhun gero. Babanku ya rufe shago da wuri, ya yi alwala, ya naɗe hannun riga, ya zo ya durƙusa a wurinsa. Ku kuna zagaye da sauran yara kuna jiran a kira sunanku. Hajiya ta fito da mudun a ƙyallensa, tana tafiya a hankali saboda gwiwa. Ta zo daidai kansa, har ya ɗaga hannu biyu. Ta wuce shi ta miƙa wa Garba.

Babanku ya sauke hannuwansa ya ɗora a cinya, ya ɗan matsa gefe ya ba Garba wuri. Ya zauna a nan har aka gama, har Garba ya kira sunansa ya auna masa nasa, ya ce amin tare da kowa. Ni ban iya ba. Na tsaya a tsakiyar gidan na ce, Hajiya, in ɓarawo ne a faɗa a kai shi gaban hukuma, in ba ɓarawo ba ne a ba shi mudunsa, amma wannan yankan da ba jini ban yarda da shi ba. Matan gida suka yi ta salati, wai na ɗaga wa suruka murya da azumi a bakina. Na ɗaga, kuma ko yau aka maimaita zan ɗaga. Hajiya ta kalle ni kawai ta ce, Fati, shiga ɗaki.

Bayan Sallah na ce masa ni na gama zama a gidan da za a riƙa ƙirga cokula idan 'ya'yana sun fita daga ɗaki. Ba ƙari na yi ba, na riga na ga matar Garba ta janye jakarta da Usman ya zauna kusa. Ya yi ta ba ni haƙuri, na ƙi haƙura, a ƙarshe muka kama haya a Shango. Wannan shawarar tawa ce, kada ku ɗora masa. Na san abin da ta jawo. An ce Banufiya ta raba shi da danginsa, an ce tashinmu ma shaida ce, mara gaskiya ne ke gudu. Kun tashi ba ku san daɗin babban gida ba, Sallah sai dai ku je yini kamar baƙi. 'Yan hatsin da ke kawo masa gyara saboda Alhaji suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, don maganar da aka ce ta mutu a ɗaki ta riga mu isa kasuwar Kuta. Shi kuwa duk Juma'a sai ya hau acaɓa ya je ya gaida Hajiya, ya durƙusa, ta amsa masa da daɗi, ta sa masa albarka, ta ba shi goro. Mudu ne dai ba ta sake ba shi ba.

Da ciwon ajali ya kama ta, ni na yi jinyarta a asibiti, don duk surutun da ake yi, da aka zo wankin zawo ba a ga masu bakin ba. Wata safiya ina shafa mata mai a ƙafa, babanku ya fita sayo magani, ta kamo hannuna.

"Fati, ki gaya wa Ɗanlami na yafe masa abin nan na Rakiya. Duniya da lahira. Kada ya tafi da shi a ransa."

"Hajiya, bai ɗauka ba. Wallahi bai ɗauka ba."

Ta ɗan yi murmushi ta matse mini yatsu. "Ke matar kirki ce," ta ce. "Ki dai gaya masa."

Kafin azahar ta cika. Saƙon mamaci ba a riƙe shi, don haka bayan an yi addu'ar uku na zaunar da shi na faɗa masa, kalma da kalma, ina jira ya fashe yadda ni na fashe a ciki. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, Alhamdu lillahi, na karɓa, Allah ya jiƙanta. Na tashi na bar masa ɗakin, don in na zauna zan faɗi abin da ba ya gyaruwa.

An yi shekaru bayan haka, Hauwa har ta shiga jami'a, sai tsohuwar firintar Rakiya ta mutu murus. Ta sayi sabuwa, mai gyaran unguwarsu ya ce sai an sauya manhaja zuwa mai sittin da huɗu. Bai ko kwance akwatin ba, sukurorin da Garba ya ɗaure suna nan yadda suke. Yana gamawa ya kunna, ya ce mata, wa ya haɗa miki wannan tun wancan lokacin da giga takwas? Rakiya ba ta tsaya neman mayafin kirki ba, ta hau keke da goyo ta zo Shango, ta faɗi a gaban babanku tana kuka tana cewa Baffa ka yafe mana. Ita kaɗai ce a zuriyar nan ta furta wannan kalmar, ita da ba ta yi komai ba. Ku riƙe ta da kyau.

Alhaji kuwa, da labari ya kai masa, ya zo da kansa bayan kwana biyu, ya zauna a kujerarmu ya sha ruwanmu. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran in ji abin da na yi shekaru ina jira.

"Ka gani ko, Ɗanlami?" ya ce. "Allah ya taimake mu da ba mu fitar da maganar nan waje ba. Da yanzu mun ji kunya."

Iyakar ban haƙurinsa ke nan. Ya zaro mudun tagulla daga aljihun babbar riga, a ƙyallensa, ya ajiye a kan tebur, ya ce ai tun asali nasa ne, ya tashi ya tafi. Bai tara gida ya faɗa ba, bai je kasuwar Kuta ya gyara abin da ya ɓata ba, bai hana yara cewa awon Ɗanlami ba. Ƙaryar an yi ta a gaban kowa, gaskiyar aka kawo ta a aljihu.

Da ya fita na rufe ƙofa na juyo kan babanku, don shi ma ina da magana da shi. Na ce yanzu da takwas ta fito, ka gaya mini, don me ka ce ka karɓa? An yafe maka abin da ba ka yi ba, ka ce alhamdu lillahi, ka amsa sunan ɓarawo a gaban Allah da bakinka. Yana zaune da mudun a hannu, yana goge shi da gefen rigarsa. Bai ɗago ba.

"Fati, abin da uwata ta ba ni na ƙarshe ke nan," ya ce. "In mayar mata?"

Shi ya karɓa, wannan tsakaninsa da mahaifiyarsa ne, ba na shiga. Ni dai ban karɓa ba, kuma ban yarda ku karɓa a madadinsa da dariya ba. Mudun yana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa. Shi ne wanda kuka ga yana auna mana zakka da shi a Shango kowace shekara, ku kuka ɗauka kayan gado ne kawai. Usman, jajibirin bana kai za ka ɗauke shi, kuma ba a nan za ka yi awon ba. A tsakar gidan Barkin Sale za ka shimfiɗa tabarma, na riga na gaya wa Rakiya, ita za ta tara su. Ka kira sunan kowa, har da baffanka Alhaji in Allah ya kai shi, ka cika mudun ya yi tozo, ka ƙara da tafin hannu. In Nura ya tambaye ka wane irin awo ne wannan, ka gaya masa na waye.